Sirrin Murhun Mariyatu

A Ƙofar Dundaye, in aka ce murhu ya yi shekara goma bai tsage ba, ba a tambayar wa ya gina shi. Na Mariyatu ne, matar Maigandi kafinta. Sauran masu ginin murhu suna kwaɓa yumɓunsu da ƙaiƙayi da kashin jaki kamar yadda suka gada, damina biyu murhun ya wage baki. Nata kuwa ko tuwon suna aka tuƙa a kai, wuta ta ci ta ƙoshi, gobe a same shi garau. Har daga Gidan Dare da Ƙofar Kware ake aikowa a saya. Mata sun yi bincike sun gaji, wasu suka ce yumɓun wani gulbi ne, wasu suka ce addu'a take tofawa. Ita dai sai ta yi dariya ta ce hannu ne.

Ba hannu kaɗai ba ne, kuma Maigandi ya fi kowa sani, don shi ya kawo abin gidan. Shekara talatin da biyar da suka wuce, wani ɗan kwangila ya ɗauke shi aikin sauya silin tsofaffin gidajen ma'aikata. Silin na asbesto ne, fari-fari, mai saurin karyewa. Aka ce a kwashe ɓaraguzan a kai bola. Maigandi kuwa mutum ne da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya iya wucewa ya bari a ƙasa. Ya lura leburori suna ɗora tukunyar shayi a kan guntun silin, wuta ta yi ta lasarsa bai ko canja ba. Ya ciko buhu ya kawo wa amaryarsa, yana ta washe baki, ya ce ta gwada a yumɓu.

Ta gwada, aka dace. Tun daga ranar, duk inda ake rushe tsohon rufi a Sakkwato, Maigandi yana can da buhunsa. Mariyatu ta keɓe wani ɗan ɗaki a bayan gida. Nan take daka guntayen a turmi, ta tankaɗe da rariya, ta zuba garin a yumɓu. Don kada idon maƙwabta ya gano, ta toshe tagar da tsumma, kuma ba ta ɗaga taɓarya sai ta rufe ƙofa ta ciki. Ko 'ya'yanta biyu, Mu'az da Maimunat, ba su taɓa sanin abin da ke cikin turmin ba. Takan fito fari fat har gashin ido, Maigandi ya tsokane ta ya ce ga aljanar gidansa ta fito. Da wannan murhun aka yi wa Mu'az karatu har ya zama malamin makaranta, da shi aka yi wa Maimunat kayan ɗaki. Rashin sani ya fi dare duhu, amma su a lokacin sun ɗauka hasken arziki suke gani.

Bara da bazara Mariyatu ta fara tari. Sai haki ya biyo, sai wani ciwo a haƙarƙarin dama da ke hana ta kwanciya ta wannan gefen. A ƙaramin asibiti aka ce tarin fuka ne, ta sha magani wata shida kamar mai cin tuwo, ba ta ƙaru da komai ba sai rama. Mu'az ya matsa aka tafi babban asibiti. Aka ɗauki hoto, aka zuƙe mata ruwa daga ƙirji har kusan cikin kwalba biyu, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji.

Ranar da sakamako ya fito, likita ya kira Maigandi da Mu'az ofishinsa, Mariyatu tana kwance a ɗakin mata. Ya ce ciwon daji ne na tantanin da ya lulluɓe huhu, sunansa mesotiliyoma. Ya ce ya yi nisa, abin da ya rage shi ne a riƙa zuƙe ruwan, a rage mata zafi. Sannan ya dubi Maigandi.

"Baba, mi as sana'arka?"

"Kahinta ni ke, likita."

"Kana taɓa silin asbesto?"

Maigandi ya ce ƙwarai, tun yana saurayi. Likita ya ce ƙurar abin nan ita ke kawo wannan ciwo. Zare ne siriri da ido ba ya gani, in ya shiga huhu ba ya fita, sai ya yi shekara ashirin, talatin, ko fiye yana kwance kafin ya tashi. Ya ce watakila wajen wankin tufafinsa ta shaƙa. Maigandi ya daure ya faɗi maganar turmi da rariya da tagar da aka toshe. Likita ya ajiye biro. Mu'az kuwa yau ne ya fara jin sirrin uwarsa, kuma ya ji shi a wurin da ba ya so.

Likita ya ce kada kowa ya sake taɓa abin, kuma ya kamata a gaya wa maras lafiya. Maigandi ya ce to. Suna fita baranda ya kama hannun ɗansa.

"Mu'azu, wagga magana ta tsaya nan. Kak ka hwaɗa mata, kak ka hwaɗa ma ƙanwarka."

"Baba, ai likita cewa yay yi..."

"Na jiya abin da yac ce. Macce na kwance tana neman lumhwashi, in tahi in ce mata abin da taka alfahari da shi shekara talatin shi ak kashe ta? Kuma ni nik kawo mata shi da hannuna? Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba."

Mu'az ya bi umarnin, don ba a tashe shi da musu da uba ba. Aka gaya wa Mariyatu ruwa ne ya taru a ƙirji, aka dawo da ita gida.

Gaskiyar magana, tausayi na cikin shirun Maigandi, amma tsoro ya fi yawa. Yana tsoron ranar da za ta dube shi da sanin abin da ya sani. Mutumin da ya hau rufin bene ba tare da ƙafarsa ta yi rawa ba, ga shi ya kasa haɗa ido da matarsa a kan tabarma. In ya shigo ɗakin sai ya kama gyaran filo, ko ya tsiri fifita, ko ya ce bari ya duba ko an kawo wuta. Ɗakin daka yana nan a rufe, buhu huɗu a ciki, makulli a ƙarƙashin filonta. Kullum sai ya ce gobe zai nemi dabarar karɓarsa ya kwashe kayan. Amma in ya nemi makulli za ta tambayi dalili, Mariyatu kuwa ba a yi mata rabin magana.

Maimunat ta dawo gida jinya. Mijinta direba ne, ya yi hatsari ya karye, gida ya tsaya cik, ga yara uku. Wata safiya Mariyatu ta sa aka jingina ta da bango, ta kira Maigandi.

"Malam, ina son in nuna ma ɗiyag ga aikin murhu. Dut da sirrin. Ta samu abin riƙe gidanta."

Ya ce, "Bari dai ki samu lahiya tukuna."

"In ban samu ba hwa?"

"Haba Mariya, wace irin magana ta wagga? Ki bari, nic ce."

Ta dube shi, ta kawar da kai. Sau uku tana tayar da maganar cikin mako shida, sau uku yana ba ta wannan amsar. Ya kwantar da hankalinsa da cewa tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa hana ta abu ta yi shi ba. Ya manta cewa bai taɓa cewa bari ga macen da ta ji a jikinta lokaci ya ƙure ba.

Mu'az dai bai zauna ba. Tunda an hana shi magana a gida, sai ya kai ta waje. Ya samo wata lauya, Barista Kausar, wadda ke taimakon ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki. Ya lallaɓa uban har ya yarda su je, ranar wata Talata da hantsi. Kafin su fita Maigandi ya leƙa ɗakin Mariyatu ya ce za su je karɓo magani, ta ce a dawo lafiya.

Barista ta saurare su da haƙuri, tana rubutu. Ta tambayi sunan kamfanin ɗan kwangilar. Maigandi ya ce sunan mutumin kawai ya sani, kuma ya rasu tun tuni. Ta tambayi takardar ɗaukar aiki, ya ce a zamaninsu hannu ake bayarwa. Ta tambaya ko an taɓa ba su abin rufe hanci, ko an ce musu abin na da illa. Ya ce ko sau ɗaya.

"Su sunka ba ka guntayen?"

Mu'az ya ɗan motsa a kujera, yana fatan uban ya yi shiru. Maigandi ya ce, "A'a. Cewa anka yi in kai bola. Ni nik kai gida."

Ta rufe littafinta. Ta ce ba za ta yaudare su ba, shari'ar na da wuya. Mama ba ma'aikaciyar kowa ba ce, wanda za a kai ƙara ba ya duniya, takarda babu. Ta ce za ta rubuta wa hukumomin da abin ya shafa, ko a samu taimakon jinya, ko a gargaɗi masu rushe tsofaffin gidaje, kuma shi kansa Baba ya je a duba ƙirjinsa. Sannan ta tambaya ko akwai sauran kayan a gida.

"Buhu huɗu," in ji Mu'az, kafin uban ya buɗe baki.

"Wa yas san ko mine ne cikinsu?"

Maigandi ya kawar da kai. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta gane.

"Baba, ka gahwarce ni, ɗiyarka ta haihuwa ni ke. Shari'a tana iya jira shekara, ɗakin ga ba shi jiran gobe. Ku tahi yanzu ku yayyahwa mai ruwa, kak ku share shi busasshe, ku sa kwaɗo. Kuma ku hwaɗa ma mutanen gida. Abin da mutum bai sani ba, ba shi gudunai."

Suka hau adaidaita zuwa gida. Maigandi yana ta shirya kalmomi a ransa, yana rushewa. Ya yanke cewa yau dai zai karɓi makullin, ko da ƙarya ce sai ya yi, ya ce ɓera ya mutu a ɗakin. Maganar gaskiya kuma a bar ta zuwa bayan sallar Juma'a. Har a lokacin yana neman kwana uku na rance daga abin da ba ya ba da rance.

Suna sauka a bakin lungu ya ji sautin. Dum, dum, dum. Ba dakan gero ba ne, gero yana da taushi a kunne. Wannan busasshen sauti ne mai ƙaras-ƙaras, wanda ya shekara talatin da biyar yana ji daga zaure yana jin daɗi. Wata takwas rabon gidan da shi.

Bai san lokacin da ya yar da takalmi ba. Ya ratsa zaure da gudu, dattijo mai shekara sittin da bakwai, ya faɗa tsakar gida. Mariyatu tana zaune a kan kujera 'yar tsugune a ƙofar ɗakin daka, ta jingina da bango, tana haki, fuskarta kuwa cike da annuri irin wanda ya daɗe bai gani ba. Ƙofar a rufe take ta ciki. Tana ɗaga murya iya ƙarfinta tana cewa a ƙara dakawa, sai ya yi laushi kamar garin kunu.

Maigandi ya doki ƙofar da kafaɗa, sakata ta tsinke. Farar ƙura ta fito ta bakin ƙofa. Maimunat tana tsaye da taɓarya a hannu, fari fat daga ɗankwali har gashin ido, ga rariya da tulin garin da ta riga ta tankaɗe. Ta yi turmi biyu, tana kan na uku.

"Hito! Hito, Maimuna! Kak ki kakkaɓe, kak ki ja lumhwashi!"

Ya jawo ta waje. Mu'az ya suri bokiti ya sheƙa mata ruwa tun daga ka, ya sake cikawa ya watsa cikin ɗakin, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Maimunat ta tsaya ruwa na zuba daga jikinta, tana tambayar me ta yi. Mu'az ya ja ta bakin rijiya, ya ce ta wanke hanci da baki, zai gaya mata.

Mariyatu ba ta motsa ba. Annurin ya tafi. Ta bi mijinta da ido har ya zo ya durƙusa a gabanta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Malam, mi ag ga cikin turmin ga?"

Ya gaya mata. Bai yi dabara ba, don dabarar ta ƙare. Ya faɗi sunan ciwon yadda ya iya, ya faɗi maganar zaren da ba ya fita, ya ce ba ruwa ne kawai a ƙirjinta ba, kuma likita bai sa rai da warkewa ba. Ya ce shi ya kawo mata, buhu bayan buhu, yana murna. Hawaye yana bin gemunsa bai share ba.

Ta saurara har ya gama. Maganar mutuwarta ba ta girgiza ta ba, da alama ta riga shi sani. Ta juya ta dubi bakin rijiya, inda Maimunat ke sunkuye tana shaƙa ruwa tana fyacewa.

"Turmi biyu. Shina isa shi kama ta?"

"Likita ya ce wanda yad daɗe shina shaƙa shi ya hi shiga hatsari. Na yini guda da sauƙi, in sha Allahu."

"Ba shi nit tambaye ka ba. Ya ce ba shi kama ta?"

Maigandi ya sunkuyar da kai. "Ya ce babu mai iya yin alkawali."

"Yaushe za a sani?"

"Shekara ashirin. Ko talatin."

Ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi. Ya ɗauka salati take, ashe lissafin shekarun ɗiyarta take yi. Ta ce nan da shekara talatin Maimuna tana da hamsin da tara, ba uwa, ba uba, kuma duk tarin da ta yi daga yau sai gabanta ya faɗi. Ta faɗi haka a hankali, ba faɗa, ba kuka. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Yaushe kas sani?"

"Ran da munka amso sakamako."

"Mako shida."

"Mako shida."

"Sau uku ina tambayarka."

Tari ya sarƙe ta, Maigandi ya kai hannu zai riƙe ta, ta bari ya riƙe. Da ya lafa ta ce a kira Mu'az da takarda, akwai gidajen da murhunta ya tsufa, kada mata su farfasa su yara su yi wasa da guntayen. Ta ce a fara da gidan Lantana mai waina, nata ya fi na kowa daɗewa. Maigandi ya ce za a yi, da ƙafarsa zai bi gida-gida. Sai ya kama gefen zanenta, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsu.

"Mariya, ki yahe min. Don Allah, don Annabi, ki yahe min tun muna ganin juna."

Ta daɗe tana kallonsa. Tausayinsa ya kama ta, ya gani a idonta, kuma ya ga wani abu a bayan tausayin da bai gushe ba.

"Buhunnan da kak kawo, na yahe maka duniya da lahira. Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba, kuma da su munka ci munka sha. Ko yau anka maido mu baya cikin rashin sani, amsa za ni yi in yi godiya." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Amma shirun ga na mako shida, ba ni ad da shi ba, balle in yahe. Ba huhuna yac ci ba. Ga mai shi can bakin rijiya."

Maigandi ya waiwaya. Mu'az ya riga ya gaya wa ƙanwarsa, an gani a yadda ta tsaya, hannu ɗaya a ƙirji, jiƙaƙƙen ɗankwali a ɗaya hannun. Ba ta kuka. Tana jan numfashi a hankali tana saki, tana sauraron kanta.

Tsakanin ƙofar ɗakin daka da rijiya bai fi taku goma ba. Maigandi ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyinsa duk laka, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Maimunat ta ga ubanta yana tahowa kai ba hula, ta gane abin da ya zo yi, ta girgiza kai tana ja da baya.

"Baba, don Allah kak ka durƙusa min."

Ya durƙusa.